Yadda Ake Gyara Tsohon Murhun Ɗumama Ɗaki na Ƙarfen Zubi

Tsohon murhun ɗumama ɗaki da aka ƙera da ƙarfen zubi yakan yi shekaru a yashe, tsatsa ta rufe shi har ya koma ja, ƙofarsa ta ƙi buɗuwa, duk wanda ya gan shi ya ɗauka ya gama amfani. A mafi yawan lokuta ƙarfen da ke ƙarƙashin tsatsar yana nan lafiya, domin bangon irin wannan murhu yana da kauri, tsatsa kuma ba ta huda shi da saurin da take huda siririn ƙarfe. Shi ya sa ake samun murhun da aka zuba a ƙarni na 19 yana aiki har yau bayan an gyara shi. Sai dai akasarin masu son gyaran sukan fara tunanin fenti tun kafin su leƙa cikin murhun, alhali fenti shi ne mataki mafi sauƙi, kuma shi ne na kusa da ƙarshe. Aikin da ke buƙatar hankali shi ne tabbatar da cewa murhun zai riƙe wuta da hayaƙi a cikinsa, ba tare da ko ɗaya ya tsira zuwa cikin ɗaki ba.

Kafin a ɗauki guduma ko sifana, ya kamata a san halin ƙarfen da za a yi aiki da shi. Ƙarfen zubi yana ɗauke da sinadarin kabon da ya kai kashi 2 zuwa 4 cikin 100, wanda ya ninka na ƙarfen gini sau da yawa. Wannan kabon ne ke sa narkakken ƙarfen ya kwarara cikin mazubi ya fitar da zane mai kyau, shi ne kuma ke sa ƙarfen ya zama mai gautsi. Yana jure nauyi, yana riƙe zafi na dogon lokaci bayan wuta ta mutu, amma ba ya lanƙwasa. Idan aka matsa masa, ko aka buge shi da ƙarfi, ko zafi ya sauya masa farat ɗaya, sai ya fashe kamar tukunyar ƙasa. Kusan duk ƙa'idojin da za su biyo baya daga wannan halin suka fito.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne cewa ba a zuba murhun a dunƙule. Ana zuba gindi daban, bangon baya daban, gefe biyu, gaba da kuma saman, sannan a haɗa waɗannan fallaye da kusoshi masu noti ko dogayen sandunan ƙarfe da ke ratsa kusurwoyi daga sama zuwa ƙasa, a cike mahaɗarsu da siminti mai jure zafi. Wannan siminti ne ke fara lalacewa, domin duk lokacin da aka hura wuta ƙarfen yana buɗewa, idan ya huce ya koma, kuma shekaru masu yawa na wannan motsi sukan mayar da simintin gari.

Dubawa kafin a fara

A fitar da murhun fili ko rumfa mai iska, a kwashe tokar da ke ciki, a share shi da busasshen burushi. Murhu matsakaici yakan haura kilo 100, don haka a cire ƙofofi da murafe da ragar ciki tukuna domin a rage nauyi, kuma kada a ja shi a ƙasa bisa ƙafafunsa, saboda ƙafafun ne suka fi saurin karyewa a wurin da suka haɗu da gindi. Daga nan sai a nemi sunan kamfani da lambar samfur, waɗanda galibi ake zubawa a jikin ƙofa ko a bangon baya. Wannan yana taimakawa wajen neman kayan maye, domin wasu tsofaffin kamfanoni irin su Jøtul na Norwe da Morsø na Denmak, waɗanda duka aka kafa a 1853, suna nan suna aiki, ko da yake yawancin masana'antun da suka cika biranen Albani da Turoi na jihar Niyok ta Amurka da zuba murhu a ƙarni na 19 sun daɗe da rufewa.

Akwai hanyoyi uku masu sauƙi na gano tsagewa. Ta farko ita ce a saka fitila mai haske a cikin murhun da dare, a rufe ƙofa, a zagaya ana duba inda haske ke fitowa. Ta biyu ita ce a rataye falle bayan an kwance shi, a ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da amo mai tsawo, wanda ya tsage kuwa amonsa a dushe yake. Ta uku ita ce a shafa kananzir a wurin da ake zargi, a goge, a shafa alli a kai; idan akwai siririyar tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya zana layi a jikin allin.

A nan ne ake yanke shawarar ko murhun ya cancanci wahalar. Tsagewa a ƙafa ko a ado na waje ba ta da wata illa ga aikin wuta. Tsagewa a ɗakin wuta kuwa magana ce babba. Haka nan fallen da ya kumbura ko ya karkace saboda wutar da ta wuce kima ba ya miƙuwa, duk wanda ya gwada miƙe shi da guduma zai raba shi biyu. Ƙarfen da ya ƙone ana gane shi da launin ja mai haske ko fari-fari, yana ɓarewa yana zubar da ɓawo, kuma walda ba ta kama shi. Idan bangon ɗakin wuta ya kai wannan hali kuma ba a sami madadinsa ba, a ganina ya fi dacewa a gyara murhun a ajiye shi don ado, a daina batun hura masa wuta.

Akwai kuma abubuwa biyu masu cutarwa da ake iya tararwa. Murhun da aka yi ko aka gyara kafin shekarun 1980 yana iya ɗauke da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure wuta, a igiyar bakin ƙofa, ko a simintin mahaɗa, ko a wani farin allo da ake sakawa a baya don tare zafi. Ƙurar asbesto tana haddasa mummunar cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa, saboda haka duk wani farin abu mai zare-zare da aka gani kada a gurza shi a bushe; a jiƙa shi, a bar ƙwararru su gwada shi su kuma cire shi. Na biyu shi ne dalma, wadda ke cikin tsohon fenti idan wani ya taɓa fente murhun da fentin gida. Ko babu ɗaya daga cikinsu, ƙurar tsatsa da kunkunniya ta isa a sa takunkumi mai matatar ƙura, da tabarau, da safar hannu mai kauri.

Kwancewa

A ɗauki hoton kowace kusurwa kafin a taɓa noti ko ɗaya, a ci gaba da ɗauka a duk lokacin da wani falle ya fita, a kuma rubuta alama da alli a cikin kowane ɓangare. Gefen dama da na hagu sukan yi kama sosai, amma ba lallai ne ɗaya ya zauna a gurbin ɗayan ba.

Kusoshin sun sha wuta da danshi na shekaru, don haka da wuya su kwance da daɗi. A fesa musu man kwance tsatsa, a bar shi ya kwana, a sake fesawa, sannan a gwada juyawa gaba kaɗan da baya kaɗan. Idan noti ya ƙi, ana iya ɗumama shi shi kaɗai da ƙaramar wutar gas domin ya buɗe, amma kada a bar harshen wutar ya daɗe a wuri guda a jikin fallen. Idan har yanzu ya ƙi, a yanke shi da zarto ko injin yanka ƙarfe, a wuce wurin. Kusa abu ce da ake samun sabuwa ko'ina, kunnen ƙarfen da take ratsawa kuwa idan ya ɓalle sai an kai ga mai walda, don haka babu hikima a yi kokawa da noti har a yi asarar kunne. A ɗaure jikin murhun da igiya ko bel kafin a cire saman, domin da zarar saman ya tashi babu abin da ke riƙe da bangwayen, kuma falle ɗaya da ya faɗi a kan daɓen siminti ya isa ya ɓata aikin gaba ɗaya. Bayan an raba fallayen, a kankare tsohon siminti daga kwarmin mahaɗa da tsohuwar sukudireba, ana bugawa a hankali, har sai ƙarfe ya bayyana.

Ba kowane murhu ne ke buƙatar a wargaza shi baki ɗaya ba. Idan gwajin fitila ya nuna mahaɗai a toshe suke, simintin kuma bai zube ba, ana iya barin jikin a haɗe a cike 'yan wuraren da suka buɗe daga ciki. Amma murhun da ya daɗe a waje ruwa na dukansa, kusan kullum sai an kwance shi.

Cire tsatsa

Burushin waya na hannu ya wadatar ga tsatsar da ba ta yi nisa ba, kuma shi ne ya fi dacewa da wuraren zane masu lungu. Ga manyan fallaye ana ɗaura burushin waya mai juyawa a kan injin huda ko injin gurza ƙarfe. A guji dutsen gurza da samfefa mai kaushi a fuskar da za a gani, domin suna share ƙwayar yashin da mazubi ya bari a jikin ƙarfen, sai wurin ya yi santsi ya bambanta da sauran jikin, kuma wannan tabo yana fitowa fili ko bayan an yi fenti.

Hanya mafi sauri ita ce a kai fallayen wurin masu fesa yashi da iska mai ƙarfi, inda ake mayar da su zuwa ainihin launin toka na ƙarfen cikin ɗan lokaci. A ja kunnen mai fesawar ya rage ƙarfin iska a kan siraran sassa, kuma a cire duk wani ado mai rufin nikel, wato farin ƙarfe mai sheƙi, tukuna. Murhun da aka lulluɓe da tangaran mai launi kuwa ba a fesa masa yashi ko kaɗan. Wannan rufi gilashi ne da aka narkar a jikin ƙarfen a masana'anta, ba a iya mayar da shi a gida, kuma abin da ya dace da shi shi ne wanki da sabulu da tsumma mai laushi.

Hanyar da na fi so ga sassa masu zane ita ce ta lantarki, domin tana cire tsatsa ba tare da ta ci lafiyayyen ƙarfe ba. Ana samun babban bahon roba a cika shi da ruwa, a narkar da sodar wanki, wato sodiyam kabonet, kimanin babban cokali ɗaya ga kowace lita 4. A rataye fallen a tsakiyar ruwan, a jera tarkacen baƙin ƙarfe a kewaye da shi ba tare da sun taɓa shi ba. Sai a kawo cajar batirin mota mai bolt 12, a maƙala baƙar waya a jikin fallen, jar waya kuma a jikin tarkacen ƙarfen, kuma kada maƙalar jar wayar ta shiga ruwa. Idan aka juya wayoyin, fallen ne zai riƙa narkewa, don haka a duba sau biyu kafin a kunna. Bayan ɗan lokaci ƙananan kumfa za su fara tashi, kuma cikin kwana ɗaya zuwa uku, gwargwadon kaurin tsatsar, za ta koma baƙin laka da burushi ke wankewa. Wutar tana aiki ne a fuskar da ke kallon tarkacen ƙarfen, shi ya sa ake juya fallen lokaci zuwa lokaci. Kumfan da ke tashi iskar haidirojin ce mai kama wuta, saboda haka a yi aikin a waje, nesa da tartsatsi. Kada a yi amfani da ƙarfen silba marar tsatsa a matsayin tarkacen, domin yana sakin gubar kuromiyam a cikin ruwan. Sababbin caja masu kashe kansu sukan ƙi tashi idan ba su ji batir ba, tsohuwar caja marar wannan dabara ta fi dacewa.

Ƙananan abubuwa irin su hinji da mariƙin ƙofa ana iya jiƙa su a ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, ana dubawa bayan kowace awa, domin tsami ba ya tsayawa a kan tsatsa kawai, idan aka bar su suka daɗe zai fara cin ƙarfen ya bar ramuka.

Ko wace hanya aka bi, ƙarfen da aka tsiraita yana sake yin tsatsa cikin 'yan mintoci idan yana da laima. A busar da shi nan take da tsumma da iska mai ɗumi, a ajiye shi a busasshen wuri, kuma kada a shafa masa mai don kariya idan ana da niyyar yin fenti.

Tsagewa da sassan da suka ɓata

Siminti mai jure zafi an yi shi ne don cike mahaɗa, ba shi da ƙarfin ɗinke tsaga, kuma wanda aka shafa a kan tsaga zai ɓalle bayan an hura wuta 'yan lokuta. Abu na farko da ake yi wa tsaga shi ne a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta domin ta daina tafiya. Daga nan akwai zaɓi. Ana iya ɗora facin ƙarfe daga ciki, a sa siminti a tsakani, a ɗaure da kusoshi. Ana iya liƙe ta da narkakkiyar tagulla idan wurin ba ya fuskantar wuta kai tsaye. Ana kuma iya yin walda, amma sai a hannun wanda ya saba da ƙarfen zubi, domin waldarsa daban take: ana fafe bakin tsagar, a ɗumama fallen gaba ɗaya zuwa digiri 300 a ma'aunin Salshiyas ko fiye, a yi amfani da sandar walda ta nikel, a riƙa yin gajerun layuka na santimita 2 zuwa 3 ana ɗan dandaƙa kowanne da guduma tun yana da zafi, sannan a binne fallen a busasshen yashi ya huce a hankali har ya kwana. Mai waldar da ya ce zai gama aikin cikin minti goma ya miƙo shi da zafinsa, a karɓe fallen a nemi wani, domin sabuwar tsaga za ta fito a gefen waldar.

Ragar da wuta ke zama a kai ita ce ta fi saurin ƙonewa, kuma maye gurbinta ya fi gyara ta. Idan ba a sami sabuwa ba, masana'antar zubi tana iya amfani da tsohuwar ta zuba wata, sai dai a tuna cewa ƙarfe yana tsukewa da kimanin kashi 1 cikin 100 idan ya huce, don haka sabuwar za ta ɗan gaza tsohuwar sai an ƙara wa samfurin kauri. Siffar ragar tana kuma nuna abin da aka yi murhun dominsa: raga mai mariƙin girgizawa da ƙofar iska daga ƙasa ta murhun kwal ce, shi kuwa na itace ya fi son iska ta shigo daga gaba ko sama. Bulon da ke jikin ɗakin wuta, idan ya farfashe, a sauya shi da bulo mai jure wuta, kada a sa na gini.

Haɗawa

A gwada haɗa murhun a bushe tukuna, ba tare da siminti ba, domin a ga kowane falle ya zauna. Sannan a kwance, a ɗan jiƙa kwarmin mahaɗa da soso, a cika shi da siminti, a fara daga gindi, sai baya, sai gefe biyu, sai gaba, saman ya zo a ƙarshe. Simintin yana fara ƙamewa da wuri, don haka a tanadi mataimaki da dukan kusoshi a kusa kafin a buɗe gwangwani. A yi amfani da sababbin kusoshi na baƙin ƙarfe, a shafa wa zarensu man hana kamewa mai jure zafi, wanda zai sauƙaƙa wa duk wanda zai kwance murhun nan gaba. Kada a sa kusoshi masu rufin tutiya a inda wuta ke kaiwa, domin tutiya tana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan ta ƙone.

A saka dukan kusoshin a sake, a daidaita kusurwoyi, sannan a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai mai fuskantarta. A tsaya da zarar noti ya zauna daram, kada a ƙara masa ƙarfi. Ƙarfen yana buƙatar sararin da zai buɗe idan ya yi zafi, kuma murhu da yawa sun tsage a wutar farko saboda an ɗaure su fiye da kima. Simintin da ya bulbulo waje a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma tun yana ɗanye, na ciki kuma a shafe shi da yatsa cikin safar hannu. A bar shi ya bushe aƙalla awa 24.

Idan ƙofar tana da kwarmi a kewayenta, a kankare shi, a sa gam mai jure zafi, a kwantar da sabuwar igiyar zaren gilashi mai kaurin da ya dace, ba tare da an ja ta ta miƙe ba. Bayan ta bushe, a saka tsinken takarda a bakin ƙofar a rufe, a ja: idan ta zare ba tare da turjiya ba, wurin yana shan iska, sai a gwada haka a kowane gefe. Tsofaffin murhu da yawa ba su da wannan kwarmi, ƙofarsu ƙarfe ne ke zama a kan ƙarfe, kuma cusa musu igiya yana iya karya kunnen hinji. Ƙananan tagogin da ke jikin ƙofar wasunsu kuwa ba gilashi ba ne, wani ma'adini ne mai suna maika da ke ɓarewa falle-falle, wanda ake yankawa da almakashi bisa girman tsohon. Gilashin taga na gida zai fashe a wutar farko.

Baƙin shafi ko fenti

Akwai hanyoyi biyu na mayar wa murhu baƙinsa, kuma ya kamata a zaɓi ɗaya tun da wuri, domin fenti ba ya kama jikin da aka riga aka shafa wa baƙin shafi sai an wanke shi tas. Baƙin shafi shi ne na asali. Ana yin sa da girafait, sinadarin da ke bakin fensir, ana shafa shi siriri da tsumma ko burushi a jikin murhu mai sanyi, a bar shi ya bushe, a goge har ya yi sheƙi mai ɗan launin azurfa wanda ke fito da kowane layi na zanen. Aibinsa shi ne ba ya tare danshi sosai, yana ɓata tufafin wanda ya jingina, kuma sai an sabunta shi kusan kowace shekara. Ga murhu mai zane da zai zauna a busasshen ɗaki, ni dai shi nake zaɓa.

Fenti mai jure zafi ya fi daɗewa kuma ya fi kare ƙarfen daga tsatsa. A nemi wanda aka rubuta cewa yana jure digiri 650, domin fentin injin mota da na gida ba su kai nan ba. A goge ƙarfen da asiton, sinadarin da ke wanke maiƙo, har sai farin tsumma ya daina ɗaukar baƙi, kada a sake taɓa shi da hannu tsirara, kuma kada a sa fentin share fage na yau da kullum a ƙasa. A fesa daga nisan santimita 25 zuwa 30, shafi biyu ko uku sirara, ana bin tazarar da aka rubuta a jikin gwangwani. Fenti mai kauri yana cike zane, yana kuma ɓarewa idan ya ji wuta. Cikin ɗakin wuta ba ya buƙatar fenti. Ya fi sauƙi a fente fallayen kafin a haɗa su, ana rufe kwarmin mahaɗa da tef, sannan a yi shafi na ƙarshe bayan an haɗa. Adon nikel kuma a goge shi da man goge ƙarfe mai laushi, wanda rufinsa ya ɓare sai a kai shi wurin masu sake rufi.

Wutar farko da wurin zama

Siminti da fenti duka ba sa gama ƙamewa sai sun ji zafi, kuma dole zafin ya zo musu daki-daki. Idan da hali a yi wannan a waje, a ɗora wa murhun bututu mai tsawon mita ɗaya ko biyu don ya ja hayaƙi, domin sabon fenti yana fitar da hayaƙi da wari mai ƙarfi. Idan gindin ba shi da bulo ko raga, a shimfiɗa busasshen yashi mai kaurin santimita 2 zuwa 3 don kada garwashi ya zauna a kan ƙarfe kai tsaye. Wutar farko ta ƙirare ce kawai, wadda za ta kai jikin murhun kusan digiri 100 na tsawon awa ɗaya, sai a bar ta ta mutu da kanta, murhun ya huce sarai. Ta biyu ta kai kusan digiri 150, ta uku kusan 200, ana barin sa ya huce tsakanin kowacce. Ƙaramin ma'aunin zafi mai maganaɗisu da ake mannawa a saman murhun yana kawar da kintace. Kada a taɓa fentin yana da zafi a wannan lokaci domin yana yin laushi, kada kuma a kashe wutar da ruwa, yanzu ko nan gaba. A lura da mahaɗai yayin da wutar ke ci, duk inda hayaƙi ya tsira a yi masa alama, a cike bayan ya huce.

Tsohon murhu ba shi da garkuwar zafi irin ta na zamani, saboda haka yana buƙatar fili mai yawa. Ƙa'idar NFPA 211, wadda ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka ta tsara, ta ba wa murhun da ba a gwada shi a ɗakin gwaji ba tazarar inci 36, kimanin santimita 91, daga duk abin da ke iya kama wuta, bututun hayaƙi mai bango ɗaya kuma inci 18, kimanin santimita 46. Daɓen da ke ƙarƙashinsa ya zama wanda ba ya ƙonewa, ya kuma zarce gaban ƙofa da inci 18. Dokokin gini sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu wuraren ma sun taƙaita amfani da tsofaffin murhu saboda yawan hayaƙinsu, don haka a binciki dokar wurin kafin a kafa shi. Bututun ya zama daidai da faɗin bakin murhun, ya fita waje ya zarce rufin gida, kuma a sa ƙwararre ya duba shi.

A kafa na'urar gano iskar kabon monoksaid a ɗakin da kuma kusa da wurin kwana tun kafin a hura wuta a cikin gida, domin wannan iska ba ta da launi ko wari, tana kuma kashe mutum yana barci. A riƙa ƙona busasshen itace wanda danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, saboda ɗanyen itace yana tara baƙin danƙo a cikin bututu, wanda ke kama wuta idan ya yi yawa. Zafin jikin murhun a lokacin aiki ya tsaya tsakanin digiri 200 da 300, idan kuma wani ɓangare ya fara yin ja, a rage iska nan da nan. Idan sanyi ya wuce, a kwashe tokar gaba ɗaya domin tana jan danshi, a share bututun, a maimaita gwajin fitila da na takarda, sannan a bar ƙofar a ɗan buɗe domin iska ta riƙa ratsa cikinsa.